Kuɗin Ruwa Biyu

Albashi ya shigo da la'asar, ashirin da bakwai ga wata,
kafin a kira isha'i har ya fara neman takalminsa.

Na kifa tsohuwar kalanda, na ɗauki biro.
Huraira na tsintar wake, wai ita ba ta kallona.
Hayar Alhaji Barau, wadda na yanka gida goma sha biyu
don kada watan Maris ya shaƙe ni.
Katin mita. Gas.
Kuɗin mota daga Hanwa zuwa Kongo,
ban da ranakun da nake sauka Kwangila in ƙarasa da ƙafa,
ina ce wa kaina lafiya nake nema.
Jarrabawar Nusaiba.
Maganin hawan jinin Inna, wanda ba ya jin "bari sai jibi".

Sai kuɗin ruwa, har kashi biyu.

Na farko na Tanimu ne mai kura,
tun da famfon gidanmu ya koma maratayin soso.
Wannan ruwan ina ganinsa da idona,
mu sha, mu yi alwala, a wanke wa yara kayan makaranta.
Na biyun na banki ne.
Bai taɓa jiƙa mini ko tafin hannu ba,
amma shi ke shana,
a hankali, yadda damina ke cin gindin katanga
mai gida na ciki yana barci.

Wani yaro ne mai ɗaure da wuya, can PZ,
ya miƙo mini katin da hannu biyu,
sunana a jiki da ruwan zinariya.
"Yallaɓai, saya yau, biya sai ka huta."
Shekara goma sha tara ina aiki,
ba wanda ya taɓa ce mini yallaɓai da irin wannan murya.

Firiza na saya.
Na lissafa ƙanƙarar azumi, kaza sau kaza,
har na hango fili a Dogarawa, har na dasa masa mangwaro.
Kwana goma sha ɗaya da kawo ta
taransifomar unguwa ta yi bindiga.
Yanzu garin masara ne a ciki. Ɓera dai ya sha kashi.

Kowane wata saƙo na zuwa da ladabi:
ga mafi ƙanƙantar abin da za ka iya biya.
Wata bakwai ina biyan ƙanƙantar nan,
ina kwasar Kubanni da ludayi.
Ranar da liman ya yi huɗuba kan riba
na ƙirga yatsun ƙafata har aka tayar da salla.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa ya murɗe.

Huraira ce ta ture farantin wake ta ce,
"Abin da ya roƙa kake ba shi, shi ya sa ba ya tafiya.
Ɗora masa."
Muka ɗora: tsiren Juma'a, rabin data,
da kwasar adashinta, wadda ban tambaya ba,
wadda kuma ba zan manta ba.
Katin na cusa shi ƙasan firiza, ƙarƙashin buhu,
su zauna tare, shi da abin da ya haifa.

Yau saƙon ya zo ina gyara fitila.
Dubu ɗari huɗu da sha ɗaya
ya koma ɗari uku da casa'in da takwas.
Huɗun nan ta gaba, da na haddace kamar sunana, ta tafi.
Na nuna mata. Ta ce, "To,"
ta ci gaba da kwasar tuwo,
sai dai malmalata ta fi ta jiya girma.

Da sassafe Tanimu zai buga ƙofa.
Shi zan fara sallama, hannu da hannu,
hannunsa a jiƙe.